Kawu Sufeto da Ladan Matan Dashe

Ranar Alhamis da hantsi Kawu ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa a Talata Mafara. Na Allah ne mu duka, can kuma muka nufa. Shi dai ya riga mu kama hanya. Yayan mahaifiyata ne, a gidansa na yi rabin ƙuruciyata, 'ya'yansa kuma duk mata ne. Saboda haka tabarmar karɓar gaisuwa ta ƙofar gida ta faɗo a kaina, ni da ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami.

Kowa da irin ta'aziyyarsa. Tsofaffin abokan aikinsa na ofishin ƙwadago sun zo daga Sakkwato cikin mota ɗaya, suka ce an yi rashin mai gaskiya, suka sha ruwa, suka juya tun hanya ba ta yi shiru ba. 'Yan kasuwa suka ce Allah ya jiƙan Sufeto, mutumin kirki ne, sai dai ba a ciniki da shi a ji daɗi. Mai shayin bakin tasha ya fi kowa daɗewa a kan tabarma. Da zai tashi ya ce, "Shi kaɗai ka zuwa biɗar canji wurina har shi ba ni goro." Bai ƙara komai ba, ya sa takalminsa.

Waɗanda ba a gani ba su ne matan Morai, masu yi masa dashen shinkafa duk rani. Kwana biyu ana zaune, ko ɗaya ba ta leƙo ba. Kawu Ƙarami ya karkato wajena ya ce, "Ka gani ko? Waɗanda yab ɓata da kowa sabo da su, ko ƙeyarsu ba mu gani ba."

A rana ta uku, mai ba gonar Kawu ruwa ya iso a kan babur, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce mata goma sha tara suna cikin gonar tun da safe. Sun cire irin da Kawu ya yafa kafin ya kwanta ciwo, suna dasawa, kuma sun ce ba za su bari ba sai sun gama, ko da zai kai su gobe. Sun ce gaisuwarsu ke nan, sadaka ce ga Malam, kada kowa ya yi musu maganar kuɗi.

"Madalla," in ji Kawu Ƙarami. "Allah shi kai ladar kabari nai."

Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, amma a baki kawai. Shekara ashirin da wani abu Kawu yana noma gonar nan, babu macen da ta taɓa fita daga cikinta da yamma ba tare da ladanta a hannu ba, in ban da rani ɗaya da zan faɗa. Yanzu ga aikin kwana biyu na mata goma sha tara, ga gado ba a raba ba, ga makullin ɗakin mamaci a aljihun Kawu Ƙarami. Ko a biya su, ko a haɗiye guminsu da sunan sadaka. Domin a gane abin da ya sa wannan ta hana ni sakat, sai na faɗi ko wane ne Kawu.

Sufeton ƙwadago ne har ya yi ritaya, daga nan sunan ya bi shi. Aikinsa shi ne shiga masaƙu da wuraren gurzar auduga da majemu, ya duba ko ana biyan ma'aikata, da me ake biyansu, kuma yaushe. Ba ya ba da labarin aikin da alfahari. Yakan ce rabin wuraren lemo ake ba shi a nuna masa ƙofa, rahotonsa kuma ya je ya kwanta a kabad tare da 'yan'uwansa. Amma ya haddace abin da ƙasar nan ta sa wa hannu tare da sauran ƙasashen duniya game da albashi, yana jero shi kamar mai jero farillan alwala: a biya da kuɗi ba da kaya ba, a ba ma'aikaci a hannunsa, a ba shi a kan lokaci, kada ɗan tsakiya ya gutsira, kuma a yanke mafi ƙarancin albashin da ba a sauka ƙasa da shi. Na taɓa tsokanarsa, na ce to Kawu, tunda ƙasa ta sa hannu ai magana ta ƙare. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ƙasa ta sa hannu, amma ƙasa ba ta da gona. Ni ad da gona."

Ranar Talata, ranar kasuwa, ba ya sayen komai sai canji. Tun hantsi yake bin mai shayi, da masu ƙosai, da yaran mota, yana sauya manyan takardu da ƙanana, domin kada ranar biya ya haɗa mata biyu a takarda ɗaya ya ce su je su raba. Ya ce daga "ku je ku raba" ake fara cuta. Idan an tashi daga dashe sai ya zauna a kan kunyar bakin gona, kuɗin cikin hularsa, hular a kan cinya, sanƙonsa yana shan rana. Kowace ta zo da kanta, ta karɓa, ta ƙirga a gabansa. Wadda ba ta iya ƙirga ba, 'yar'uwarta mace ce za ta ƙirga mata. Da tsaron hanya ya lalace, ya koma sallamarsu tun kafin la'asar don su isa gida da ido, kuma bai rage ko sisi daga kuɗin wuni ba.

Wata rana ina wurin, wani magidanci ya faka keke, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da gajiya da sanyin ruwa, sannan ya ce ya zo amsar na matarsa.

"Kai kad dasa?" in ji Kawu.

"A'a, Malam. Ai matata ta."

"Na sani. To tahi ka jira ta gida. Abin da kunka yi can, ku da Allah. Nan dai ita tad duƙa."

Mutumin ya hau kekensa yana ƙunƙuni. Matar ba ta ɗaga kai ba, amma na ga kafaɗun na kusa da ita suna rawa don dariya.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Kawu mutum ne mai maƙo. Ba ya ƙara wa kowa kyauta a kan lada, in layin dashe ya karkace kuwa sai an tuge an sake, ko da mai layin sa'ar uwarsa ce. A gida shi ke riƙe da gwangwanin sukari. Matarsa, wadda muke kira Gwaggo, takan ce Allah ya haɗa ta da mutumin da zai biya bare kafin la'asar, ya bar matarsa tana jiran cefane har azahar. Yakan ce ai ita ba 'yar ƙwadago ba ce. Ita kuma ta ce da ma ita ce, da ta fi haka ƙiba.

Rigimarsa da Kawu Ƙarami a wurin wani suna ta tashi, shekarar da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dubu saba'in. Kawu Ƙarami yana da injin gyaran shinkafa a Bakura, harka kuma tana tafiya. Ana cikin cin waina Kawu ya tambaye shi ma'aikatansa nawa.

"Ashirin da huɗu, Yaya."

"Shekara nawa kana ashirin da huɗu? Ko akuya ta aka ɗaure, da yanzu ta haihu."

Aka yi dariya, ban da mai injin. Kowa a wurin ya san dalili. Dokar ba ta hawa kan wanda ma'aikatansa ba su kai ashirin da biyar ba, don haka duk lokacin da aiki ya yi yawa sai ya ɗauki 'yan jinga, ya sallame su da an gama. Kuma wani kaso na albashin da tsakin shinkafa yake biya, a farashin da shi ya yanka. Kawu ya faɗi wannan ma, a gaban surukai.

Kawu Ƙarami ya ajiye wainar. "Yaya, kai ma doka ba ta hau gonarka ba, aikin gona na lokaci na. Matan nan naka, in an haɗa musu wata, suna samun dubu saba'in?"

Kawu ya ajiye tasa wainar. Sannan ya ce, "Ba su samu. Ba ni iyawa. Amma abin da nac ce zan ba su, ba ni ba su shi da tsaki."

Daga ranar ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Suna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar dabbobi. Na lura kuma a ranin da ya biyo Kawu ya ƙara wa matan wani abu a kan kuɗin wuni, ya rage fangali biyu daga abin da yake nomawa. Bai ce don maganar ƙanensa ya yi ba, ba wanda kuma ya isa ya tambaye shi.

Akwai wani laifi da ya kamata in faɗa, domin nawa ne. Ranin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu wofi, Kawu ya zaga kasuwa Talata biyu bai haɗa abin biyan wuni ɗaya ba. Iri kuma yana tsufa a inda aka yafa shi. Ni ina koyarwa a Maradun, ina ji da kaina na waye, na zo na ce masa duniya ta wuce nan, a tura ta waya. Matan ba su da asusu, amma mai a-kori-kurar da ke ɗauko su daga Morai yana da shi, ya ce a tura masa, shi zai cire ya raba. Kawu ya ƙi, kwana biyu yana ƙi. A na uku ya je ya duba irin, ya dawo ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya kalle ni ba. Mako uku muna turawa, ina jin kamar na ceci gonar.

Sai lokacin yanka gaskiya ta fito. Mai motar ya gutsiri na kowa da sunan kuɗin cira. Wata kuma, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ko ƙwandala ba ta gani ba, domin ƙanen mijin aka riƙa ba nata, wai shi ne mai gida. Ita ba ta faɗa ba. Jagorar matan, wata tsohuwa mai baƙin haƙoran goro wadda ba ta tsoron kowa, ita ta faɗa. Kawu ya sayar da buhun shinkafa, ya hau kabu-kabu har Morai da ciwon gwiwarsa, ya bi su gida-gida ya cika wa kowa, ya sake biyan mai 'ya'ya huɗu daga farko. Da ya dawo na zauna ina jiran faɗa. Ya yi alwala, ya yi salla, sannan ya ce, "Malamin makaranta, wayarka tana da sauri, amma ba ta san huska ba." Iyakarta ke nan, bai sake tayar da ita ba har ya koma ga Allah. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau in na tuna kunya nake ji.

To, wannan mutumin ne aka ce an yi wa dashe kyauta.

Ranar Lahadi, bayan an naɗe tabarmi, na sami Kawu Ƙarami a zaure na ce masa ina ganin a biya matan. Ya saurare ni har na gama, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Ɗana, sadaka ba a maida ta. Su sunka ce don Allah sunka yi. In ka bi su da kuɗɗi ka zage su, ka kuma hana mamaci lada. Dukiyar ga kuwa ta magada ta yanzu, ba ni taɓa ta bisa abin da ba bashi ba."

Maganarsa ba ta rasa ƙafa ba, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na je wurin liman. Ya ce in sun yafe da zuciya ɗaya, ya halatta. In kuma kunya ce ta sa wata ta bi sahu, abin da aka karɓa da kunya ba shi da albarka. Na ce to yaya za a gane? Ya ce Allah ne masanin zukata, ya ɗauki butarsa.

Na hau babur na tafi gonar. Sun kusa kammalawa, ruwa har ƙauri, layuka a miƙe kamar yana tsaye a kansu. Na gaishe da jagorar, ta yi mini ta'aziyya, na yi mata ban gajiya, sannan na kawo maganar a hankali.

"Kul, Malam," ta ce. "Kada ka kunyata mu. Mutumin ga ya riƙe mu shekara da shekaru. Mi muka da shi da za mu kai gidan makoki? Bayanmu ɗai muka da shi, shi munka kawo."

Na juya zan tafi. Amma a can ƙarshen layi na hango mai 'ya'ya huɗu. Duk sauran sun miƙe sun gaishe ni, ita tana duƙe tana dasawa. Kwana biyu ke nan ba ta je wata gona ta samo na hatsi ba, kuma na san ba za ta zama ita kaɗai mai cewa a ba ta ba.

Da na dawo na shiga wurin Gwaggo. Tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta ɗaga murya. Na zauna a bakin ƙofarta na zayyana mata komai, da na Kawu Ƙarami, da na liman, da na jagora. Ta daɗe tana jan carbi.

"Awakina biyu na nan bayan rumbu," ta ce. "Nawa na, ba na gado ba. Jibi Talata ka kai su kasuwa. Ka biɗo ƙananan takardu."

Na ce, "Gwaggo, sun ce ba su amsa."

"Kai sunka ce ma. Ka aika musu, ka ce mai takaba na son ganinsu Laraba."

Kiran mai takaba ba a ƙin sa. Ranar Laraba, kwana bakwai cif, suka zo su goma sha tara, suka cika tsakar gida, aka yi gaisuwa aka yi addu'a. Ni ina gefe kusa da madafa, tunda a gidan na girma ba wadda ta damu da ni. Gwaggo ta sa aka ajiye faifai a lungun da ke tsakanin ɗakinta da ƙofar fita, aka rufe shi da ƙyalle. Sannan ta ce su shigo ɗaya bayan ɗaya, jagora ta fara.

Ina jin su ta labule. Tsohuwar ta fara rantse-rantse, Gwaggo ta tare ta.

"Yaya, saurara. Ba a sadaka da abin da bai shiga hannu ba. Amshi, ki ƙirga. In kin hita ga faifai can. Wadda tag ga dama ta sa duka, wadda tag ga dama ta sa rabi, wadda ba ta sa ba ta wuce. Ba mai buɗe shi sai kun tahi, abin da anka samu kuma masallaci za a kai da sunan shi."

Sai na ji ƙarar takardu, tsohuwar tana ƙirgawa.

Haka suka riƙa shiga suna fita. Kowace ta tsaya a lungun, ta ba tsakar gida baya, ta sa hannu ƙarƙashin ƙyallen, ta wuce. Wa ta sa, nawa ta sa, ban sani ba, ban kuma nemi sani ba. Kawu Ƙarami ya leƙo daga zaure sau ɗaya, ya ga abin da ake yi, ya koma.

Mai 'ya'ya huɗu ce ta ƙarshe. Ta fito da kuɗin a dunƙule cikin hannu, ta isa lungun, ta tsaya. Ta kai hannu wajen ƙyallen, ta janye. Ta sake kaiwa. Tsakar gidan ya riga ya zama wayam, sauran suna jiranta a waje, ta kuma san ina nan. Na sunkuyar da kai, amma ina ganin ƙafafunta, duk sun tsage saboda ruwan gona, ba su matsa gaba ba, ba su koma baya ba.

Muryar Gwaggo ta fito daga ɗaki, karo na farko da ta ɗaga ta tun ranar Alhamis.

"Wuce, ɗiyata. Marayu huɗu na jiranki. Taki sadakar can za ki kai ta."

Ta ɗaure kuɗin a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori, ta fita ba ta waiwayo ba.

A nan kusa da madafa na yi wa Kawu kuka, a kwana na bakwai, bayan kowa ya gama nasa. Allah ya yafe masa maƙonsa da zafin bakinsa, ya sa ya tarar da nasa ladan ba a gutsira ba.